Kundin aiki: bin sawun George Wostenholm, attajirin wuƙaƙen Sheffield

5 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin aikin da nake son kammalawa kafin ƙarshen shekara. Aikin kashi biyu ne. Na farko ɗan littafi ne da Hausa, shafi 40 ko ƙasa da haka, a kan George Wostenholm, attajirin wuƙaƙe na nan Sheffield, a Ingila, wanda aka haifa a 1800 ya rasu a 1876, da yadda ya ƙulla hulɗa da abokan ciniki da wakilai har kayansa suka cika kasuwar Amurka. Na biyu kuma in samo tsohuwar wuƙar aljihu ta kamfaninsa, in gyara ta, in ɗauki hotunan da za su shiga littafin.

Waɗanda nake rubuta wa su ne samarin layin Kawu a kasuwar Sabon Gari, masu sayar da kayan kicin, waɗanda suka fara haɗa jari suna yin odar wuƙaƙe da cokula daga China. Kullum zancensu a kan wakili ne: wa za a amince wa a can, nawa ne la'adarsa, yaya za a yi idan kaya suka zo ba yadda aka yi oda ba. Wostenholm ya sha fama da waɗannan tambayoyi kusan shekara 200 da suka wuce, sai dai shi yana ɓangaren mai turawa ne, su kuma suna ɓangaren mai karɓa. Tunda karatu ya kawo ni garinsu, bai kamata in koma gida ban kai musu labarin ba.

Kuɗin da na ware: fam 150, har da kuɗin mota.

12 ga Oktoba

Na yini a gidan tarihi na Kelham Island. Abin da ya fi riƙe ni shi ne tarin kayan aiki da ake kira Hawley, inda aka jera magagarai da gudumomi da tambura da wuƙaƙe a kowane mataki na ƙira. A nan na gane cewa ba mutum ɗaya ke ƙera wuƙar aljihu ba. Akwai mai buga ruwan wuƙa a kan uwar maƙera, akwai mai wasa shi a dutse, akwai mai yanka ƙota daga ƙashi ko ƙaho ko katako, sannan akwai mai haɗawa, wanda zai daidaita ruwa da ƙarfen baya mai danne gindin ruwan da ƙusoshi har wuƙar ta riƙa buɗewa da rufewa da ƙara mai daɗi. Yawancin waɗannan mutane ƙananan masu sana'a ne masu zaman kansu, suna hayar ɗan ɗaki ko gurbi a masana'anta, suna karɓar aiki daga manyan 'yan kasuwa ana biyansu bisa yawan abin da suka yi.

Wannan ya sa dole in gyara babi na farko tun kafin in rubuta shi. Ba labarin maƙeri zan ba da ba. Wostenholm ya gaji sana'ar a wurin mahaifinsa a masana'antarsu ta titin Rockingham, amma abin da ya ɗaukaka shi ciniki ne: sanin abin da mai saye yake so, da matsa wa masu ƙira su fitar da shi daidai.

Na ga kuma shahararriyar wuƙar nan ta kamfanin Joseph Rodgers da aka ƙera a farkon shekarun 1820 mai ruwa sama da 1,800. Ba ta yanka komai, talla ce kawai, amma tallar ta yi aiki tunda har yau mutane na tsayawa a gabanta.

16 ga Oktoba

Karatu kawai. Na sayi tsohon littafi a kan wuƙaƙen Sheffield, fam 24. Na tsara babi biyar: garin da ƙarfensa, tarayyar farko, wakilai a Amurka, jabu da kuɗin fito, sai ƙarshen kamfanin.

Abubuwan da za su shiga babi na farko: koguna biyar na garin, wato Don da Sheaf da Porter da Rivelin da Loxley, waɗanda suka juya duwatsun wasa, baƙin ƙarfen da ake kawowa daga Suwidin ta tashar Hull, dabarar narka ƙarfe a tukunyar yumɓu da Benjamin Huntsman ya fito da ita a shekarun 1740, da ƙungiyar maƙeran wuƙa ta yankin Hallamshire da aka kafa a 1624, wadda bana ta cika shekara 400. Ita ce ta riƙa rajistar tambarin kowane maƙeri.

19 ga Oktoba

Na samu wuƙa. A wani shagon tsofaffin kaya na gan ta cikin akwatin gilashi, tsakanin agoguna da tsofaffin kwabbai. Mai ruwa biyu ce, babba da ƙarami, ƙotarta ta ƙahon barewa, ya yi duhu ya yi santsi a wurin da babban yatsa ke zama. A jikin babban ruwan ana iya karanta I*XL, tambarin da gidan Wostenholm ya mallaka tun 1826. Gindin ruwan kuwa tsatsa ta cinye shi, ba a ganin rubutun da ke wurin. Ƙaramin ruwan ya ƙi buɗewa sam. Mai shagon ya ce fam 45, muka daidaita a 38.

Da farko mai ƙotar hauren giwa na so, domin ina son yin magana a littafin kan yawan hauren Afirka da Sheffield ta cinye a ƙotar wuƙa. Amma dokar Ingila ta hana cinikin kayan haure tun 2022, in ban da 'yan abubuwa kaɗan da aka keɓe. Don haka zancen haure zai shiga da rubutu, ba da hoton tawa wuƙar ba. Na kuma auna ruwan kafin in sa ta a aljihu: bai kai inci 3 ba kuma ba ya kullewa, saboda haka doka ba ta hana tafiya da ita ba.

Na sayi man keken ɗinki da samfefa mai laushi iri uku da ɗan buroshin tagulla, fam 11. Gilashin ƙara girman rubutu, fam 6. Na jiƙa mahaɗar wuƙar da mai na ajiye.

26 ga Oktoba

Wannan makon duka ya tafi a babi na biyu, kuma shi ne zuciyar littafin.

Wajen 1830 gidan Wostenholm ya shiga tarayya da wani mutum mai suna William Stenton. Stenton ba maƙeri ba ne. Mai sayen kaya ne da ya yi wa gidan Naylor da Sanderson aiki, 'yan kasuwar da suka daɗe suna tura kayan Sheffield zuwa Amurka. Wato ya san irin wuƙar da ake nema a New York, ya san farashin da za ta iya ɗauka, ya san mutanen da ke biyan bashi da waɗanda ba sa biya. Su Wostenholm na da kaya da tambari, shi yana da hanya. Tarayyar ba ta daɗe ba ta watse. Amma ƙofar da ta buɗe ba ta rufu ba, domin George bai zauna yana neman wani Stenton ɗin ba. Ya hau jirgin ruwa da kansa a shekarun 1830, kuma ya ci gaba da ketare tekun Atlantika kusan sau 30 a rayuwarsa.

Sai an tuna yadda tafiyar take kafin a gane nauyin wannan. A farkon lokacin jiragen ruwa masu tafiya da iska ne ke tashi daga Liverpool, kuma zuwa New York na iya cin wata guda ko fiye. Jirage masu tururi sun fara rage tafiyar zuwa kamar mako biyu daga 1838. Wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1866. Kafin nan idan ka tura kaya, sai ka jira wasiƙa ta je ta dawo kafin ka san ko sun isa, ko sun yi tsatsa a hanya, ko wanda ka tura wa ya karye. Kuma sun karye ɗin: a 1837 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suka daina biya, oda ta tsaya, masu ƙira a Sheffield suka zauna babu aiki.

Ra'ayina, kuma haka zan rubuta shi, shi ne ribar George daga tarayyar nan ba kuɗi ba ce. Ilimin kasuwa ne. Ya yarda ya raba riba da wanda ya fi shi sanin hanya, ya buɗe ido ya koya, sannan ya je ya ga masu sayen da idonsa. Ina son samarin su tsaya a kan wannan shafi, domin na san da yawansu shekara da shekaru suna tura kuɗi ga mutumin da ba su taɓa ganin ma'ajiyarsa ba.

Lokacin ma ya taimake shi. Bayan faɗan da wani Ba'amurke mai suna Jim Bowie ya yi da wuƙa a bakin kogin Mississippi a 1827, kowa a Amurka ya so doguwar wuƙa mai kube irin tasa, kuma maƙeran Sheffield ne suka fi kowa cike wannan buƙata. Da aka gano zinariya a California a 1848 mutane suka kwarara yamma, kowa da wuƙa a ƙugu. A wannan shekarar ce George ya koma babbar masana'anta a titin Wellington, wadda ake kira Washington Works. Ma'aikatanta sun kai wajen 800 a lokacin da take tashe. Ana yawan ba da labarin cewa Bowie kansa ya mutu a yaƙin Alamo na Texas a 1836 da wuƙar I*XL a hannu. Wannan zancen 'yan talla ne, ba zai shiga littafina ba.

30 ga Oktoba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda ake yi a nan kowace shekara, duhu na shigowa tun kafin ƙarfe biyar. Hoto sai da safe ke nan. Ƙaramin ruwan ya fara motsi kaɗan. Na ƙara mai.

3 ga Nuwamba

Na je Shepherd Wheel, tsohon wurin wasa wuƙa a bakin rafin Porter, inda har yanzu ruwa ke juya babbar ƙafar da ke tuƙa duwatsun. Ɗakin ƙasa-ƙasa ne, akwai sanyi da danshi. Mai wasa yana zama ne a kan wani gungumen katako kamar mai hawan doki, ya sunkuya a kan dutsen, fuskarsa dab da inda ƙarfe ke haɗuwa da dutse. Na sunkuya haka na ɗan lokaci don in ji yadda abin yake, bayana ya amsa nan take.

Ƙurar dutse da ta ƙarfe suke shaƙa yini guda. Ciwon huhu ya kashe da yawansu tun ba su kai shekara 40 ba, musamman masu wasa cokali mai yatsu, domin su a busasshen dutse suke aiki ba ruwa. Wani lokaci kuma dutsen kan fashe yana cikin gudu ya hallaka wanda ke kansa.

Da na dawo na ƙara shafi biyu a babi na farko. Ba zan rubuta littafin da zai yabi attajiri ya manta da waɗannan mutane ba. Kaifin da ya sa Ba'amurke ya nemi I*XL da suna, a kan wannan dutse aka samo shi, da huhun wani.

9 ga Nuwamba

Babban koma baya.

Da safe na zauna da samfefa mafi laushi da mai, ina goge gindin babban ruwan a hankali. Rubutu ya fara fitowa: GEORGE, sannan WOSTENHOLM, sannan SHEFFIELD. Na ji daɗi ƙwarai. Da na ci gaba sai wani layi ya bayyana a ƙasa, haruffa ƙanana: ENGLAND.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran wuƙaƙe da almakasai da aka kwatanta mini, wanda ya yi rayuwarsa duka a wannan sana'a. Ya ɗauki gilashinsa ya duba, ya juya ta, ya shinshina ƙotar ma. Ya ce, “Yaro, wuƙarka ta gaske ce, amma George bai taɓa ganinta ba. Wannan kalma ta ƙasa ita ce shaidar.” Ya bayyana mini cewa dokar kuɗin fito ta McKinley da Amurka ta kafa a 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka ƙera kaya a jikin duk abin da zai shiga, daga 1891. Kafin nan Sheffield kaɗai ake bugawa, domin sunan garin ya isa. Saboda haka wuƙata ta zo duniya aƙalla shekara 15 bayan rasuwar mutumin da nake rubutu a kansa.

Na yi niyyar sa hotonta a bangon littafin a matsayin wuƙar zamaninsa. Wannan ya rushe. Na tambayi farashin wadda aka ƙera kafin 1876 mai lafiya, abin da dattijon ya faɗa ya ninka duk kuɗin aikin nan sau da yawa, kuma ya ce a irin waɗannan ne jabu ya fi yawa.

Na kwana ina juya abin. Shawarar da na yanke: wuƙar za ta koma babi na huɗu, kuma hoton gindinta da kalmar nan zai buɗe babin. A can ma ta fi amfani, domin dokar McKinley ce ta karya ƙashin bayan cinikin. Kamfanin ya jingina kusan komai nasa a kan kasuwa ɗaya. Amurkawa kuwa tun 1834 John Russell ya fara ƙera wuƙaƙe a Massachusetts, kuma maƙeran Sheffield da kansu sun yi ta ƙaura can suna kafa masana'antu, kamar waɗanda suka zauna a Walden ta jihar New York. Da masana'antun gida suka yi ƙarfi sai suka nemi gwamnati ta kare su, aka ɗora wa wuƙar waje kuɗin fito mai nauyi, a 1897 aka sake ƙarawa. Gidan Rodgers, da yake kayansa sun bazu a ƙasashe da yawa har Indiya, yana da inda zai juya. Gidan Wostenholm ya sha wuya ƙwarai.

Bango kuma sai in nemi wani hoto.

13 ga Nuwamba

Goge tsatsa. Na bar baƙin tabon da ya shiga cikin ƙarfen, dattijon ya ce kada in bi shi, zan cinye tambarin. Babi na huɗu ya kai rabi.

16 ga Nuwamba

Ƙarfen baya ya karye.

Ƙaramin ruwan ya buɗe har rabi a 'yan kwanakin nan, yau kuma ya buɗe duka. Ina cikin rufe shi sai na ji ƙas, ruwan ya saki yana lilo. Da na haska fitila cikin ƙotar na ga ƙarfen da ke danne gindin ruwan ya rabu biyu dab da ƙusar tsakiya. Wurin karayar baƙi ne kusan duka, ɗan gefe kaɗan ne mai haske. Dattijon ya ce wannan na nuna tsagewar ta daɗe, tsatsa ce kawai ke riƙe da shi, da man ya ratsa sai ya rabu.

Gyaran ya fi ƙarfina. Sai an cire ƙusoshi uku ba tare da an fasa ƙahon ba, a yanka sabon ƙarfe daidai da tsohon, a ƙona shi a tsoma a sake ɗumama shi har ya samu taushin da zai lanƙwasa ya dawo, sannan a mayar da komai. Ƙahon da ya haura shekara 100 ba ya son duka. Ya ce zai yi a fam 35, amma ba ya alkawarin ƙotar za ta fita lafiya, kuma sai cikin Disamba saboda aikin da ke gabansa. Na amince. Na roƙe shi ya bar ni in zauna in kalla ranar da zai buɗe ta, in ɗauki hoton cikin. Ya ce in zo, amma in yi shiru lokacin da yake bugun ƙusa.

Burina na in ce da hannuna na gyara ta ya ragu zuwa goge tsatsa. Hotunan cikin wuƙar dai za su nuna wa mai karatu aikin mai haɗawa fiye da duk bayanin da zan yi.

20 ga Nuwamba

Sanyi ya tsananta. Na yini a sashen tarihin gari na babban ɗakin karatu, ina bin tsofaffin littattafan adireshin 'yan kasuwa shekara bayan shekara, ina ganin yadda sunan gidan ya tashi daga titin Rockingham zuwa Wellington. Kwafin shafuka, fam 9.

24 ga Nuwamba

Na taka zuwa unguwar Kenwood, inda George ya gina gidansa ya kuma sayi filayen kewaye ya yanka tituna. Robert Marnock, wanda ya tsara lambun tsirrai na Sheffield, shi ya tsara masa wurin. Tituna ne masu lanƙwasa da manyan bishiyoyi a gefe biyu. Gidan yanzu otal ne. A kusa akwai titin Wostenholm da titin Washington. Hoton allon titin Washington da tsofaffin gidajen bayansa shi zai hau bango, domin ya nuna inda kuɗin unguwar ya fito.

27 ga Nuwamba

Na karanta wa Kawu babi na uku ta waya, wanda ke magana a kan wakilai. Bayan tafiye-tafiyensa, George ya tsayar da ofis da wakili a New York, kuma wanda ya fi daɗewa a wannan aiki shi ne Asline Ward, ɗan wani sanannen gida na Sheffield. Aikin wakili shi ne ya karɓi kaya a tasha, ya biya kwastan, ya zaga wurin manyan 'yan sari da samfuri, ya karɓi oda, ya bi bashi, ya kuma rubuto abin da kasuwa ke so.

Kawu ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, “Ɗana, ai wannan fatoma ne. Yadda kakanninmu ke sauka a gidan mutum a Salaga, ya ajiye musu kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya musu a kan bashi. Bambancin kawai shi wannan albashinsa daga gida yake zuwa.” Na ce masa, “Kawu, kun ba ni shafi guda kyauta.” Da wannan zan buɗe babin, don mai karatu ya shiga ta ƙofar da ya sani.

Sai ya ba ni labarin abin da ya same shi bara. Wani wakili a China ya turo masa samfurin wuƙar kicin mai kauri, ya yi oda, da kwantena ta iso sai ga ruwan wuƙaƙen siriri, suna lanƙwashewa a kan kabewa. Wakilin ashe yana karɓar la'ada a wurinsa yana kuma karɓa a wurin masana'anta. Ya ce in rubuta wannan ba tare da suna ba, kuma in tambayi samarin: wakilinka, wa yake ci a hannunsa? Na ga amsar George a fili take. Ya ɗauki mutumin garinsu wanda mutuncin gidansu ke Sheffield, ya biya shi da kansa, kuma duk da haka bai daina zuwa dubawa ba.

Kawu ya kuma tambaya ko su ne masu yin adda mai tambarin kada. Na ce a'a, wannan ta kamfanin Martindale ce na Birmingham. Zan sa layi ɗaya a kan haka, domin na san wasu ma za su tambaya.

1 ga Disamba

Na gama sashen jabu. Da tambarin Sheffield ya yi suna, wasu masana'antu, musamman a Jamus, suka riƙa buga sunan garin da tambura masu kama da na manyan gidaje a kan kaya masu araha. Koke-koken maƙeran Sheffield na cikin abin da ya jawo dokar tambarin kaya ta 1887 a Birtaniya, wadda ta tilasta a nuna ƙasar da kayan waje suka fito. Abin da ya biyo baya shi ne Solingen, garin maƙeran wuƙa na Jamus, ta gyara aikinta har sunan Jamus a jikin wuƙa ya zama abin nema. Yau garin Yangjiang na China ne ke cika kasuwannin duniya da wuƙa da almakashi, har da rumfar Kawu.

7 ga Disamba

Babi na biyar, gajere ne. George ya zama shugaban ƙungiyar maƙeran wuƙa a 1856. Ya yi aure sau uku bai bar ɗa ba. A 1875 aka mayar da gidan kamfanin masu hannun jari, shekara guda kafin rasuwarsa. A 1913 Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a nan Sheffield, amma wannan bai dawo wa gidan da kasuwar da ta kuɓuce ba. A 1971 aka haɗe shi da tsohon abokin hamayyarsa Rodgers, a 1978 aka rushe Washington Works, a 1986 kuma kamfanin Egginton ya sayi sunayen. Har yanzu ana ƙera wuƙa mai tambarin I*XL a garin.

Na buga daftarin duka don in karanta a takarda, fam 14. Ya kai shafi 46. Sai an rage. Babi na farko ne ya yi ƙiba, bayanin narka ƙarfe ya yi yawa ga wanda ciniki ya dama.

14 ga Disamba

Na zauna da dattijon ya buɗe wuƙar. Ya huda kan kowace ƙusa da ɗan siririn abin huji, ya tura ta waje a hankali, ƙahon ya fita lafiya sai ɗan tsagewa a gefe ɗaya da ya cike da gam. A cikin ƙotar akwai faranti biyu na farar tagulla, da dattin aljihun mutanen da suka riƙe ta. Na samu hotuna masu kyau. Sabon ƙarfen ya zauna, ruwa biyun na buɗewa suna rufewa da ƙarfi.

Lissafi zuwa yau: wuƙa 38, kayan gogewa 11, gilashi 6, littafi 24, kwafi 9, gyara 35, buga daftari 14, kuɗin mota 22. Jimla fam 159, wato na haura da fam 9.

Abin da ya rage: in rage shafi shida, in zana taswirar hanyar kaya daga Sheffield zuwa Liverpool zuwa New York, in tura wa Kawu daftarin ya ba mutum biyu a layinsu su karanta su nuna mini inda bayani bai fita ba. A Kano za a buga, kwafi 100 a karon farko, kuma na ce Kawu ya tambayo farashi a maɗaba'a kafin ƙarshen wata. Cikin Janairu zan nemi ganin takardun kamfanin da ke ma'ajiyar tarihi ta birnin, domin babi na uku na buƙatar ƙarin bayani a kan yadda ake ba 'yan sari bashi da tsawon wa'adin biya.